Tsakanin tudu da fadama: Abin da tafiyar ƙasa ke nunawa a Agye, Gazawa da Gidan Runji bayan kaka

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram a cikin mota, in aka tambaye shi abin da ya gani a jihar Maraɗi, zai ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kawai, sai karan gero da shingayen jami'an tsaro. Daga Gidan Runji zuwa Cadawa, daga Agye zuwa Gazawa, ido ba ya cin karo da dutse ko ɗaya da mutum zai ɗaga kai ya kalla.

Gaskiya ne babu dutse. Mafi yawan ƙasar jihar tana tsakanin mita 300 zuwa 500 ne sama da teku, alhali ƙololuwar Bagzan da ke tsaunukan Ayar a jihar Agadas ta haura mita 2,000. Amma mota tana ɓoye wani abu da sai ƙafa ke ganewa: wannan ƙasa tana da hawa da gangara, kuma rayuwar mutanenta kacokan a tsakanin tudu da fadama take.

Lokacin da ya fi dacewa a ga haka gajere ne, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. An gama yankan gero, zafin kaka ya karye, hazon hunturu bai kai ga rufe sararin sama ba, tabkunan da damina ta cika kuma ba su ƙafe ba tukuna. Makonni kaɗan ne. Wanda ya makara, ƙura zai tarar.

Fita da sassafe

A wajen garin Gazawa, wanda sai a 2011 aka cire shi daga Agye ya zama gunduma mai zaman kanta, tafiyar tana farawa ne bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ke sa mutum ya cusa hannu a aljihu. Hanyar amalanke ce ake bi, yashi na cin sawu. Minti talatin ba sa cika mutum zai fara jin cinyoyinsa, domin hawan jigawa ba ya nuna kansa. Ba a ganin tudun, ana dai jin sa a numfashi.

Sai an kai sama a waiwaya ake gane an hau. Ƙauyen da aka baro ya koma ƙasa, hayaƙin murhu ya kwanta a kansa kamar mayafi, rumbuna sababbin ɗauri sun yi jere a bayan gari. Can ƙasa kuma, inda ƙasar ta lotsa, ga tabki yana walƙiya.

Waɗannan tabkuna ba su da suna a taswira, amma kowane yaro a ƙauyen ya san sunansu, ya kuma san watan da kowanne ke ƙafewa. A ƙarshen Nuwamba ruwan ya riga ya ja baya, ya bar zobe uku a kewayensa: busasshiyar laka da ta tsattsage daga waje, danyar laka mai sawun shanu a tsakiya, sai ruwan kansa da ganyen bado a bisa. A zoben waje masu yin tubali sun fara aiki, domin yanzu ne lokacin gini. A na tsakiya makiyaya ke shayarwa. A cikin ruwan kuma yara ne ke lalube, suna neman tarwaɗar da ta rage. Gaiwa ita ba ta jira a kama ta: tana nutsewa cikin laka, ta naɗe kanta, ta kwanta har wata daminar.

Tsuntsaye ma sun yi canjin aiki. Shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa manomi damina ta kusa, ta riga ta tafi kudu. Belbela na nan tana bin shanu, zalɓe na tsaye da ƙafa a ruwa. Tare da su akwai wasu ƙananan baƙi masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a bakin laka, waɗanda suka tsallako Bahar Rum da Sahara daga Turai don gudun sanyi. A daidai lokacin da samarin yankin ke ɗaure kaya za su tafi cin rani Kano, Legas, Agadas ko Libiya, su kuma nan ne wurin cin raninsu.

Itatuwan da suka dawo

Abin da ya fi ɗaukar ido daga kan tudu a ƙasar Agye ba ruwan ba ne, itatuwa ne. Gonaki sun yi fari fat bayan girbi, amma ko'ina ka duba akwai ɗigon kore. Gawo ne mafi yawa, itacen da ya saɓa wa sauran: yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, sai an gama ruwa kuma ya yi sabon ganye. Ƙarshen kaka shi ne lokacin adonsa. Tsakaninsa akwai kalgo, sabara, aduwa da magarya.

Matashin da aka haifa bayan shekarar 2000 zai ɗauka haka ƙasar take tun fil azal. Ba haka ba ne. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, wurare da yawa a nan sun zama fili tas, iska na kwashe yashi tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. A wancan lokaci manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, bai bar ko tsiro ba. Dokar gandun daji da aka gada daga Turawan Faransa ita ma ba ta taimaka ba, domin itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, to don me za ka raine shi?

A farkon shekarun 1980 ne wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru itace zai tashi. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, wuƙa ko gatari kawai ake buƙata, sai haƙuri.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo. Sai dai lambar yabo mutum ɗaya take ambata, aikin kuwa dubban manoma ne suka yi shi. Ƙauyen Ɗan Saga da ke arewa da garin Agye ya yi suna a wannan fanni, inda mazauna suka kafa kwamitin sa ido, maza da mata, manoma da makiyaya, don hana saran dare. Ayyukan asusun FIDA na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka daɗe a Agye sun ƙarfafa tsarin, har baƙi daga ƙasashe daban-daban ke zuwa gani.

Wanda ke tafe a ƙasa yana iya karanta gona kamar takarda. Ga gonar da mai ita ke nan yana kula: itatuwan a datse, kowanne da tsayayyen jiki ɗaya. Ga ta maƙwabcinsa da ya shekara uku a waje: sabara ta yi cunkus, ko kuwa an bi dare an sare. Ba sai an tambaya ba.

Akwai kuma abin da ba ya faranta rai. A wajejen Cadawa da Agye, inda noman aya ya zama babbar hanyar samun kuɗi, wannan ne lokacin haƙa. Ana ƙone ganyen, a tone ƙasar, a tankaɗe ta da rariya don fitar da 'ya'yan. Daga nesa za ka hango ƙura ta turnuƙe kamar guguwa ta tsaya wuri ɗaya, mata da yara a cikinta fari fat. Ayar tana tafiya Najeriya ta dawo da kuɗi, amma gonar da aka tankaɗe takan zauna tsirara a gaban iskar hunturu. A filayen kiwo da burtali kuma garmani ya mamaye, ciyawar da dabba ba ta so, ta kori wadda ake so.

Gulbin da ba ya gudu, da wanda ake tarewa

Gulabe biyu ne suka tsara wannan ƙasa. Gulbin Kaba, wanda ya yi baka ta gabas da arewacin jihar, yau kusan suna ne ya rage, ruwa ba ya gudu a mafi yawansa. Amma ruwan yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goruba ta cika kwarin. Daga ganyen ƙananan goruba, wato kaba, ya samo sunansa, kuma daga nan ne tabarmi, igiya da faifan da ake gani a kasuwannin yankin ke fitowa.

Na biyun shi ne Gulbin Maraɗi, kuma don a gan shi da kyau sai an koma yamma, gundumar Gidan Runji. A Tsibiri, 'yan kilomitoci kaɗan daga birnin Maraɗi, mutum yana iya tsayawa a bakin tudu ya ga kwarin ya buɗe a ƙasansa: mangwaro, lambunan tumatir da albasa, zogale, ga farin yashin gulbin yana lanƙwasa a tsakiya. Wannan shi ne wuri mafi kama da tsayawa a kan dutse a duk gundumomin uku, ko da yake gangaren bai fi a sauka cikin 'yan mintoci ba.

Tarihi ma a nan ya sauka. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda dakarun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka yi galaba har aka kashe Sarkin Gobir Ali, Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri a gefen wannan gulbi, kusa da Katsinawan da suka riga su zama a Maraɗi. Kurmin da ke kwarin a wancan zamani shi ne garkuwarsu. Ita kanta tsohuwar Maraɗi a cikin fadama take, sai da ambaliyar 1945 ta cinye ta aka mayar da garin kan tudu. Wanda ya ga yadda ruwan daminar 2024 ya rusa gidaje ya kuma ci rayuka a Maraɗi, ya san wannan lissafi na tudu da kwari bai zama labarin da ba.

Gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta kudancin Madarumfa, ya wuce Maraɗi, Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Wato baƙo ne mai wucewa, kuma akwai wanda ke riƙe da ƙofa. An gina madatsar ruwa ta Jibiya, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Duk da haka, tun daga lokacin manoman kwarin ke kukan cewa malalen da ke kwanciya a fadama ya bar musu danshi da taki ya ragu. Injin ban ruwa da rijiyar burtsatse sun maye gurbin abin da gulbi ke yi kyauta, kuma kowace lita ta fetur daga aljihun mai lambu take fita.

Inda duwatsun suke

Mai neman babban tabki da dutse na gaske dole ya fita daga gundumomin uku ya gangara kudu, gundumar Madarumfa, kimanin kilomita 20 zuwa 25 daga Maraɗi. Tabkin Madarumfa shi ne ruwa mafi girma a jihar da ke kaiwa rani. A 2006 Nijar ta sa shi, tare da gandun dajin da ke gefensa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A wannan wata tabkin yana cike, masunta na fita da ƙananan jirage da hantsi, kirinjijiya na tashi garke-garke. Amma yashin da ruwa ke kwasowa daga gonakin da aka share yana cike shi sannu a hankali.

Gaba kaɗan, wajejen Nyelwa da Ɗan Isa a bakin iyaka, yashin yana yin sirara har tsohon dutsen da ke ƙarƙashinsa ya leƙo, irin dutsen nan da ya tashi sosai a ƙasar Katsina da Zamfara ya zama su Kwatarkwashi. A nan ne kawai mutum zai taka fa da ƙafarsa. A nan ne kuma zinariya ta bayyana, dubban matasa suka yi ca. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka mutu. Ƙarshen kaka ne shi ma, lokacin da aikin gona ya ƙare, hannu ya zama banza.

Hanyoyin da tsoro ya rufe

Ba zai yiwu a yi maganar yawo a wannan ƙasa ba tare da faɗin inda ba a zuwa ba. Dajin Babban Rafi da ƙauyukan da ke bin iyaka a kudancin Gidan Runji da Madarumfa sun daɗe suna fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Tun 2019 dubban 'yan Najeriya daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako neman mafaka, har hukumomi da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wuraren da suka fi kyan gani, masu dutse da kurmi, su ne suka fi haɗari. Babu hoton da ya kai a yi kasadar rai dominsa.

Akwai wani tsoron kuma da ya girmi wannan. Ƙarshen kaka ne garken shanu ke gangarowa daga arewa, alhali wani manomin bai gama kwashe wake ba. Shi ya sa hukumomi ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Mutanen Gidan Runji ba su manta da Toda ba, inda a ƙarshen Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum sama da 100, galibi mata da yara Fulani. Dokar tsarin karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da suka biyo bayanta sun sa an shata burtali da dama, kuma mai tafiya zai riƙa cin karo da turakun siminti da ke nuna iyakarsu. Zai kuma ga inda gona ta ci turken ta wuce. Jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 3.4, kuma take cikin masu saurin ƙaruwa, kowane taƙi na ƙasarta yana da mai jiran sa.

Ga mai niyya

'Yan Maraɗi da ke zaune a Ingila sun san yadda Turawa ke cika jiragen ƙasa a ƙarshen mako don su je yankin Lake District su hau duwatsu cikin sanyi da yayyafi, yankin da UNESCO ta amince da shi a 2017. A Abuja da Jos ma ƙungiyoyin matasa masu hawan dutse ranar Asabar sun yawaita. A nan kuwa tafiyar ƙasa har yanzu alamar rashin kuɗin kabu-kabu ce, kuma saurayin da ya sa takalmin gudu ya nufi daji ba da wani dalili ba sai ya sha tambaya. Da wuya a ga laifin masu tambayar: matar da ke tafiyar kilomita biyar da itace a ka ba ta buƙatar a koya mata amfanin motsa jiki.

Duk da haka, wanda ya zo hutu gida, ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da bai taɓa wuce tasha ba, ba zai yi asara ba in ya ware safiya ɗaya. Ka'idojin ba su da yawa. A fara da gaida mai gari a faɗi abin da ya kawo mutum, a kuma nemi ɗan gari ya yi rakiya, domin shi ya san inda aka kwana lafiya. A sa takalmi rufaffe: ƙarangiya ta bushe, kuma lokacin girbi ne kububuwa ta fi sara, musamman a ƙarƙashin tarin kara. Kada a shiga ruwan tabki komai kyansa, saboda tsargiya. Kada a ratsa gonar da ba a kwashe ba, kada a jefar da guntun taba, ciyawa ta zama kamar auduga. A ɗauki ruwan sha, a juyo kafin rana ta take.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya iskar gabas takan taso. Tabkin da ke walƙiya da safe ya koma launin toka, layin gawon da ke can nesa ya fara ɓacewa cikin hazo. A hanyar komawa gari ana haɗuwa da amalanken shanu ɗauke da kara da harawa, yara a sama suna cin goruba. A bakin kwalta kuma motocin Kano da na Agadas sun riga sun fara lodi, samari na miƙa jakunkuna ana ɗaurewa a bisa.